Bayani a Kan Man Kaɗe da Lalle da Kwalli, da Kayan Shafa da Ake Kira Oganik



Mas'alar da za mu duba a wannan fitowa ba ta gero da dawa ba ce, ta kayan shafa ce da kayan kwalliya, domin kuɗi sun karkata can kuma da yawa cikinmu sun sa hannu. Ɗan koli ya ƙara kantar man shafawa a rumfarsa. Dillalin riɗi ana bugo masa waya daga Kano da Ikko, ana tambaya ko riɗinsa na oganik ne, ya ce i, alhali bai san abin da ya amsa ba. Mai haɗa lefe kuwa yana zuwa da takarda a hannu, an rubuta masa kada ya sayo sai na asali. To wannan kalma tana ƙara wa kaya kuɗi, kuma duk kalmar da ke ƙara kuɗi sai an sami mai manna ta a kan abin da bai cancanta ba. Wanda ya sari irin wannan bai gane ba, jarinsa ne a ciki da sunansa, kuma fatar 'yar wani ce za ta ɗauki sakamakon.

Kalmomin uku ne, sai a rarrabe su. Ta farko ita ce wadda suke rubutawa Natural a jikin kwalba, watau wai daga tsiro ko daga ƙasa aka samo abin. Wannan kowa na iya rubuta ta, ba mai zuwa gona ya duba. Kuma ko gaskiya ce ba ta nuna abin ba ya cutarwa. Tunya da zaƙami ma ai tsiro ne. Ta biyu ita ce oganik. A wurin Turawa masu saye, ma'anarta an noma abin ba takin zamani, ba feshin ciyawa, ba feshin ƙwari, kuma akwai takardar shaida daga wani kamfanin bincike, irin su Ecocert na Faransa, wanda ke aiko mutum kowace shekara ya duba gona da sito da littafin shiga da fita. A dokar Amurka sai gona ta yi shekara 3 ba a zuba mata haramtaccen magani ba kafin amfaninta ya sami wannan suna. A dokar Tarayyar Turai, wadda sabuwarta ta fara aiki a Janairun 2022, shekara 2 ce ga abin da ake shukawa duk damina, shekara 3 ga itatuwa. Ta uku ita ce cewa kaya ba sa ɓata muhalli, za mu zo kanta in mun kai ga kaɗanya.

Kun ga ke nan oganik ba a gane shi da ido ko da hanci. Takarda ce mai bin kaya tun daga gona har jirgi. Manomin da bai taɓa sayen taki ba saboda rashin kuɗi, riɗinsa mai tsabta ne, amma in ba takarda ba za a biya shi farashin oganik ba. Dillalin da ya rantse ba takarda kuwa, randa aka auna kaya a ɗakin gwaji aka ga magani, shi za a nema da kuɗin mota da na jirgi.

Mu 'yan hatsi mun riga mun ga irin wannan. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwarin nan dichlorvos a cikinsa, wanda muke kira fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, namu kuwa ya ninka haka sau da yawa, aka yi ta sabunta hanin. Mafi yawan ɓarnar ba a gona take faruwa ba, a sito take, hannun ɗan kasuwa mai tsoron ƙwari su cinye masa jari. To riɗin da za a tatse a yi man shafawa, da zoɓon da ake sa wa a sabulu da man gashi, da irin zogale, da ƙwallon aduwa, duk hukuncinsu ɗaya da wake. In ka ajiye su a ɗakin da ka yi wa feshi, ko ka zuba su a buhun da ya taɓa ɗaukar taki, ko ka loda su mota ɗaya da jarkar magani, ka ɓata su. Mai kuwa yana riƙe magani fiye da yadda gari ke riƙewa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, wanda ake kira PICS, yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba, muddin kaya sun bushe sarai kafin a ɗaure. Kuɗinsa ya fi na buhun gargajiya, amma bai kai asarar mota guda da aka dawo da ita ba.

Yanzu sai man kaɗe, wanda shi ne uban tafiya a wannan ciniki, kuma a kansa algus ya fi yawa. Tsohon kaya ne ƙwarai. Ibn Battuta da ya ratsa ƙasar Mali wajen shekarar 1352 ya ba da labarin wani mai da ake tatsa daga ƙwallon itace, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa, masana tarihi kuwa suna ɗaukar man kaɗe yake nufi. A nan wajenmu kaɗanya ta yi ƙaranci, mafi yawan man da ke zuwa mana daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna yake fitowa, ya bi ta Kano. Kafin ya iso rumfarka ya wuce hannu uku ko huɗu, kowane hannu kuwa yana iya ƙara nauyi.

Abin da ake ƙarawa sananne ne: ruwa, da garin rogo ko dafaffiyar doya da aka kirɓa, da kitsen da ba ka san dabbarsa ba. Gwajinsa ba wuya. Da fari kada ka yarda da abin da ke saman bokiti. Kamar yadda muke soka ƙarfe tsakiyar buhu, haka za ka sa wuƙa ka yanko daga tsakiya da ƙasa. Ka murza kaɗan a bayan hannunka. Na kirki yana narkewa da ɗumin jiki ya shige, ba ya barin gari-gari ko tsakuwa. Sa'an nan ka sa cokali guda a ƙaramin kofin gilashi ka ɗora cikin ruwan zafi. Tsantsar mai zai koma garau kamar man gyaɗa. In da gari a ciki zai kwanta a ƙasa, in da ruwa zai ware daban, in kuma ka ɗora shi a wuta kai tsaye za ka ji yana tartsatsi. Wanda ke sari da yawa ya sayi ƙaramar kwalbar aidin a kemis. Ka ɗiga a kan abin da ya kwanta a ƙasan kofi. In ya juya shuɗi mai duhu ko baƙi, akwai rogo ko doya, ba sai an yi musu da kowa ba.

Launi ba hujja ba ne, a nan mutane ke ruɗewa. Ɗanyen man kaɗe fari ne mai ɗan duhu, kamar hauren giwa, wani ya ɗan yi kore-kore. Mai ruwan ɗorawa sau da yawa saiwar rawaya aka sa masa wajen dafuwa, wannan ba laifi in an faɗa, wasu kuwa manja suke ɗigawa. Fari tas marar ƙamshi shi ne wanda injin ya tace, ba jabu ba ne, sai dai ba shi ne ɗanye ba, kada a sayar da shi da sunan ɗanye. Hanci ya fi ido aiki. In ka ji ƙauri, an busar da ƙwara da hayaƙi ne, masu fitar da kaya waje suna gudunsa domin hayaƙi na barin guba a mai. In ka ji tsami ko warin tsohon mai, ƙwarar ta kwana a jiƙe kafin a dafa ta, ko man ya daɗe a rana. Wannan tsamin shi masu gwaji ke aunawa. A ƙa'idar da aka amince wa ƙasashen Afirka a 2017, mai lamba ɗaya tsaminsa ba ya wuce kashi 1 cikin 100, mai bi masa kuwa ya tsaya a kashi 3. Kuma a kiyaye mazubi. Bokitin fenti da jarkar da ta ɗauki man inji ko maganin feshi ba a zuba abin shafawa a ciki, ko an wanke su sau bakwai.

Ga wani abu da dillali ya kamata ya sani domin ya fahimci motsin farashi. Mafi yawan kaɗen da ke fita Afirka ba man shafawa ake yi da shi ba, cakulan ake yi. Tun shekarar 2000 dokar Turai ta yarda a sa man tsiro irin su kaɗe har kashi 5 cikin 100 a cakulan a madadin man koko. Saboda haka in koko ya yi tsada a duniya, kamar yadda ya yi a 2024, sai kamfanoni su rufa a kan ƙwarar kaɗe, mai sabulu a Kano ya rasa abin saye. Burkina Faso da Mali sun hana fitar da ɗanyar ƙwara a 2024. A watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ita ma ta sanar da hani na wata 6, tana cewa Nijeriya ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarar duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai wuce kashi 1 ba. Da sanarwar ta fito farashin ƙwara ya faɗi a kasuwannin Neja, waɗanda suka tara don fitarwa suka ji a jikinsu, matan ƙauye masu tsinta su ma haka. Nufin gwamnati a tatse man a gida. A ganina nufin daidai ne, sai dai an zo da shi tsakiyar kaka ba shiri, kuma kullum ƙaramin ne ke fara biya.

Batun muhalli kuwa, a kan itacen yake. Kaɗanya tana shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, in ta fara kuma tana yi har jikoki su ci. Ba kasafai ake dasa ta ba, barin ta ake yi a gona in ta tsiro. Matsalar ita ce gawayinta na da kyau, don haka masu gawayi ke bin ta, har an sa ta cikin jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu tun 1998. Aduwa ma haka take sha a wajenmu, ga shi man ƙwallonta ya fara samun masu nema. Jigawa tana cikin jihohi 11 na arewa da ake aikin shingen itatuwa don tare hamada. Ɗan kasuwar da ke sayar da man kaɗe a rumfa ɗaya, yana sarin gawayin kaɗanya a ɗaya rumfar, ya lissafa da kansa.

Sabulun salo ba zan daɗe a kansa ba. Da tokar ɓawon ayaba ko na koko ake yin sa, da man alayyadi ko man kaɗe. Na gaske ruwan ƙasa-ƙasa ne, mai taushi, yana marmashewa, yana jan laima in an bar shi a buɗe. Wanda ya yi baƙi wuluk da santsi da tauri, rini aka sa masa. In tokar ta yi yawa yana cin fata, sai a gwada a hannu kafin a kai fuska.

Inda haɗarin yake shi ne abin da ake yi da sabulun bayan ya bar hannun mai dafa shi. A garuruwanmu kalmar oganik ta sami ma'ana ta biyu, wadda ba ta haɗa komai da ta Turawa ba. Mace ko namiji ya zauna a ɗaki, ya ɗauko sabulun salo ko man kaɗe, ya matse masa bututun maganin asibiti da ruwan kwalabe, ya zuba a roba, ya manna takarda mai hoton ganye, ya ce haɗin oganik ne mai sa haske cikin mako guda. Jama'a, kurkum da zuma da dilka suna goge datti su sa fata ta yi sheƙi, amma babu ganyen da ke mai da baƙi fari cikin kwana bakwai. In haɗi ya yi haka, ɗaya daga abu uku na ciki. Akwai hydroquinone, wanda hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, in an daɗe ana shafa shi kuwa kumatu da gaɓoɓin yatsu su yi baƙin da ba ya fita. Akwai magungunan kumburi masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone, da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. In aka mai da su man kullum fata na yin siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wuri, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin asibiti ya ƙi kamawa, har ya kai ga hawan jini da ciwon sukari. Na ukun shi ne zaiba, wadda ta fi su sharri domin ba ta da wari. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono, tana bin tawul da zanen gado ta kama wanda bai taɓa shafawa ba. Ita ce ta halaka mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, da sunan garin kuma aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 wadda Nijeriya ta tabbatar a 2018. A taron 2023 ƙasashen suka yanke cewa bayan 2025 ba a yarda da zaiba a kayan shafa ba, ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin, NAFDAC kuma a 2023 ta ce abin ya zama annoba ta ƙasa. Kasuwar babba ce, shi ya sa ake kawo mana tallar haɗin da riba mai daɗi. Robar da ba sunan mai yi, ba adireshi, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, in an zo kame kai za a samu da ita, mai haɗawa yana can gida.

Wanda bai iya boko ba ya sa yaronsa ya karanta masa bayan kwalba, ba gabanta ba. Gaba talla ce. A baya ake jera abubuwan da ke ciki, kuma ƙa'ida ita ce mafi yawa shi ke zuwa farko. Man kaɗe sunansa a can Butyrospermum Parkii, man riɗi Sesamum Indicum, lalle Lawsonia Inermis. In an zana kaɗanya a gaba da girma, a baya kuwa sunan ya zo can ƙarshe bayan turare, to ɗigo aka sa. In jerin ya fara da Petrolatum ko Paraffinum Liquidum, basilin ne da danginsa, daga man fetur. Basilin ba ya cutarwa, yana da amfani da hunturu, amma a saye shi a kuɗin basilin.

Lalle shi ma a sayi ganye ya fi a sayi gari, in da hali, domin a gari ake ɓoye yashi da wani ganyen daban da koren rini. Ka kaɗa cokali guda a kofin ruwa, yashi zai zauna. Ka shafa jiƙaƙƙen a farin ƙyalle, in ya yi kore nan take rini ne, domin lalle a hankali yake sakin launinsa, launin kuwa ja ne mai komawa ruwan goro. Sabo yana da ƙamshin ɗanyen ciyawa, tsoho ya koɗe ba ya kamu. Abin da ake kira baƙin lalle, mai kamawa cikin rabin sa'a, ba lalle ba ne. Dayis ne na rinin gashi, mai sinadarin da ake taƙaitawa PPD. Wasu matan yana tashin musu bororo daidai bisa zanen, ya bar tabo, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi ke nan har abada, ko rinin gashi ba za ta ƙara iya sawa ba. In yaro ya haɗiye shi yana toshe maƙogwaro ya kashe ƙoda, an sha ganin haka a asibitocin Sudan da Maroko. Kada a ajiye shi inda hannun yara ke kaiwa. Ko jan lallen na gaske ba a shafa wa jariri, domin akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jini, lalle na fasa musu jinin su yi shawara.

Mas'alar kwalli ita ce mai nauyi a faɗa, saboda girman da yake da shi a wurinmu, iyaye da kakanni sun sa, malamai sun ambaci ismid da alheri. Amma a duba abin da ke kan tebur. Mafi yawan dutsen nan mai ƙyalli da ake daka wa a zuba a tandu dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙowa a wajen Zurak ta Filato da Abakaliki. A 2011 a birnin Boston na Amurka likitoci suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, da aka auna shi kuwa kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton a 2012, har ta ambaci sunayen tozali da kwalli a ciki. Mu kuma ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara ta kashe yara fiye da 400 daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta kwalli ba ta kisa farat ɗaya haka, a hankali take aiki. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, kullum kaɗan kaɗan, ta taru ta daƙushe masa kai da jini, sai an kai shi makaranta a ce ba ya riƙe karatu. Likitoci sun ce babu wani ɗan adadin dalma da ke da aminci a jinin yaro. Wanki da jiƙa dutsen a ruwan lemo ba sa fitar da ita, domin ba datti ba ce a jikin dutsen, ita ce dutsen. Mai tebur ba shi da hanyar rarrabe ismid da dalma da ido, dukansu baƙaƙe ne masu walƙiya, sai ɗakin gwaji. Saboda haka in mai jego ta aiko a sayo kwallin jariri, ko mai ciki ta zo saye, a faɗa musu abin da ke ciki. In idon jaririn ne ke ruwa ko kwantsa, a tura su asibitin Ringim ko na Dutse a duba shi.